Kujerar Mubina

"Wa ya ce ta shiga motata?!"

Muryar Mubina ta karaɗe garejin, har makanikai suka leƙo daga ƙarƙashin motar. Wejdan, direbar ko-ta-kwana ta ƙungiyarsu, na zaune cikin sabuwar motar tseren ta yi tsuru-tsuru. Kujerar Mubina kuwa an cire ta, an jingine da bango.

Zaharadden, mijinta, wanda shi ne injiniyan da ya ƙera motar, ya ture kwamfutarsa gefe.

"Ni ne. Zo mu fita waje, habibti, masoyiyata."

"Babu inda za ni! Tseren farko ƙarshen makon nan ne, shi ne za ka ba wata motata?"

"Gwaji ne kawai..."

"Gwajin me?"

"Gwajin ko motar ce ba ta gudu!" "Mubina, na kwance giya, na canja tayoyi, na sauke injin na mayar. A kwamfuta motar nan ta fi ta bara nesa ba kusa ba, amma a fili ta zama kunkuru. Badr ya ce idan ba a gano matsalar ba, halas, shi ke nan, za mu koma tsohuwar motar."

Badr shi ne mai ƙungiyar, kuma ba ya magana biyu.

Zaharadden ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Na duba bayanan gwaji. Kina sakin totur tun kafin ki isa kwana. Dandamalin gefen titi da kike hayewa a da, yanzu kewaye shi kike yi. Faɗa min gaskiya... tsoron motar da na ƙera miki kike ji?"

Mubina ta juya masa baya. Sai kawai ta fizgi abayarta daga ƙusa ta fice.

Allah sarki! Ai da ya san abin da take tsoro. Mubina dai ciki gare ta, ɗan ƙarami, babu wanda ya sani sai ita da Ubangijinta. Shekarun aurensu sun ja, sun sha zaman asibiti, sun sha addu'a a gaban Ka'aba, har sun haƙura sun zuba wa motar nan duk soyayyar da suka tanadar wa ɗa. Sai da mota ta kammala, sannan rabo ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Kullum takan tashi da niyyar gaya masa. Da ta ga idanunsa sun yi ja don rashin barci, yana shafa motar yana cewa "bana shekararmu ce," sai ta fasa. To ta yaya za ta ce masa motar da aka auna da tsawon ƙafarta, aka zuba kujerarta a kan siffar bayanta, ba ita za ta ja ba? Sai ta riƙa shiga tana lallaɓawa, shi kuma bawan Allah yana ta neman laifi a jikin ƙarfe.

Ba ta zame ko'ina ba sai unguwar Mahjar, gidan mahaifiyarta, nan ƙasar Larabawa inda suke zaune. Ta tarar da Inna Dela a tsakar gida tana dafa gahawa. Ƙamshin na dukan hancinta ta toshe baki, ta ruga bayan gida.

Da ta fito, tsohuwar ta ƙare mata kallo tun daga sama har ƙasa.

"Wata nawa?"

"Na me, Inna?"

"Ke, rufe min baki! Ni na haife ki. Ke da kike shanye butar gahawa ke kaɗai, yau ita kike gudu?"

Mubina ta zube jikinta ta fashe da kuka. Inna Dela ta rungume ta tana "Alhamdulillahi, Alhamdulillahi," hawaye na bin kuncinta. Can sai ta ɗago ta a firgice.

"Tsaya... da cikin kike shiga wannan akwatin ƙarfen?"

"A hankali nake ja, wallahi..."

"A hankali? Inna lillahi! Mijinki ya sani?"

Ta girgiza kai. "Inna, duk burinsa na kan motar nan. Idan na janye, aikinsa ya rushe. Ina tsoron in ga baƙin ciki a fuskarsa ranar da ya kamata in ga murna. Wallahi ba zan iya jurewa ba!"

"Kayya, 'yar nan. Yaron da na gani yana kuka a Safa da Marwa yana roƙon Allah Ya ba ku zuriya? Kin yanke masa hukunci ba ki ji ta bakinsa ba. Ai ciki ba a ɓoye shi, ranar wanka ma ba a ɓoyon cibi. Yalla, tashi! Ni zan raka ki."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa filin tsere na bakin teku. Iska na kaɗowa da ɗanɗanon gishiri. Suna shiga Wejdan ta wuce da motar, ƙararta ta sa Inna Dela ta dafe ƙirji tana salati. Makanikai sun taru gaban allo suna tsalle.

"Motar na gudu! Wallahi tana gudu!"

Kowa na murna ban da Zaharadden. Yana zaune a kan taya, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ga surukarsa ya miƙe da sauri ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Inna."

"Yawwa, ɗana. Ga matarka nan, tana da magana." Ta ja gefe ta ba su wuri.

Shi ya fara. "Motar lafiyarta lau, Mubina. Ke ce ba ki yarda da ita ba. Ko kuwa... ni ne ba ki yarda da ni ba?"

"Habibi, ko wuta ka ƙera ka ce in shiga, zan shiga."

"To mene ne?"

Ta kamo hannunsa mai baƙin mai, ta ɗora a kan cikinta.

"Ba ni kaɗai nake shiga motar ba."

Ya dube ta, ya dubi hannunsa, ya sake dubanta. Ta runtse ido tana jiran abin da ta daɗe tana tsoro.

"Ya Allah..." ya faɗa a hankali. Sai ga shi ya faɗi ya yi sujada a nan kan simintin, kafaɗunsa na girgiza. Da ya ɗago, kuka yake yana dariya, duk a haɗe.

"Mubina! Sau nawa na kwance giyar nan? Na kusa korar mai ɗaure tayoyi! Ashe matsalar ba a injin take ba!"

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana! Haushin kin shiga motar, ni kuma ina ta ce miki ki ƙara wuta. Da wani abu ya same ku fa?" Ya goge mata hawaye, ya bar mata zanen baƙin mai a kumatu. "Mota ƙarfe ce, ya ruhi. Gobe ma sai in ƙera wata. Wannan fa? Yalla, asibiti, yanzun nan!"

Zaharadden ne ya ja motarsu ta gida, a hankali har na baya suna ta danna masa ham. Sai da likita ta ɗora na'ura, ɗakin ya cika da wani ɗan bugu mai sauri, ta ce komai lafiya, sannan Mubina ta saki wata ajiyar zuciya mai nauyi. Rabonta da numfashi irin wannan tun ranar da ta gane tana da ciki.

Badr da ya ji labari ya yi ɗan ƙunƙuni, sannan ya ce "mabruk," wato barka, ya aiko da tire na dabino.

Ranar tsere Mubina ta zauna kusa da mijinta, abin magana a kunne. Ta riga ta nemi afuwar Wejdan, yanzu ita ke yi mata jagora.

"Kwanar nan kar ki saki totur, haye dandamalin, motar za ta riƙe ki... yanzu! Taka!"

Wejdan ta taka. Ƙungiyar da bara take kwasar ƙura a baya ta ƙare ta biyu, dab da ta ɗaya. Garejin ya kaure da kabbara, Inna Dela ta rangaɗa guɗa irin ta gida, har Larabawa suka waiwayo.

Wani abu ya ɗan soki zuciyar Mubina ganin wata a kan mumbarin zakarun da ta yi mafarkin hawa. Ba ta ɓoye ba, ta bar hawayen suka zubo. Zaharadden ya ja hannunta zuwa cikin garejin.

Kujerarta ce a rataye a saman bango, an goge ta fes, an lulluɓe da leda.

"Babu mai zama a cikinta," ya ce. "Siffar bayanki ce, ba za ta karɓi kowa ba. Za ta jira ki."

"In na yi ƙiba fa?"

"Sai in zuba wata!"

Inna Dela ta leƙo ta bayansu. "Ka dai fara auna 'yar ƙaramar kujera, ɗana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Mubina ta yi dariya, ta jingina kanta a kafaɗarsa, ta mayar da hannunsa kan cikinta.

"Ka ji?" ta raɗa masa. "Wannan ma ni ce direbarta... kuma wallahi a hankali zan kai ta gida."