Gawa a Tankin Dagwalo

Tun daga ƙofar ma'aikatar tace ruwan ƙazanta wari ya tarbi Sufeto, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta toshe hanci da hankici, a banza.

Gawar mai wankin tanki na kwance, baƙin dagwalo ya cika masa baki da kunne. A gefe abokin aikinsa Gajere na tsugune da ankwa, don manaja ya ce shi ya tura mamacin ciki.

"Kullum faɗa suke, ranki ya daɗe," in ji manaja. "Ni ina ofis. Wata uku rabona da bakin tankin nan."

"Wallahi manaja ne ya aike ni ɗauko igiya!" Gajere ya fashe da kuka. "Ina dawowa na tarar da Yaya a ƙasa."

Sufeto ta sami mai gwajin ruwa a ɗakinta, tana ta murza bakin mayafi.

"Tankin a rufe yake ruf," in ji mai gwajin. "Ƙwayoyin halitta ke cinye ƙazantar ba tare da iska ba. Gas ɗin da suke fitarwa, shaƙa biyu ya isa kisa. Sai fanka ta kwana biyu tana hurawa ake shiga."

"Ta kwana biyun?"

"Yau aka buɗe shi. Gobe masu duba aiki za su zo."

A bakin tankin, Sufeto ta juya ƙararrawar gargaɗin gas. Babu batir a ciki. Ta sa aka tara su duka, ta miƙa wa manaja biro ya sa hannu a bayaninsa. Idonta ya tsaya a yatsansa.

"Zoben nan na mene ne?"

"Azurfa tsantsa. Kullum da safe nake goge shi."

"To me ya mai da shi kamar gindin tukunya?"

"Gas ɗin ne," mai gwaji ta faɗa a hankali. "Sai an matsa kusa yake yin haka."

Gumi ya keto wa manaja.

"Ƙararrawar ce ta ishe ni da ihu, na cire batirin. Minti biyar kawai na ce ya yi a ciki. Ni na riƙe masa tsani."

"Da ya faɗi fa?"

"Na je na wanke hannuna."

Sufeto ta kira Kofur ɗin da ya rako ta. Ta sa ya kwance Gajere, ya ɗaura wa manaja ankwar.

"Ranki ya daɗe, bari in canza riga, tana wari."

"Ba rigar ba ce," ta ce. "Kofur, tafi da shi."