Wuƙar Kyaftin Zwicker

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na Halifax: an tsinci gawar Kyaftin Zwicker, tsohon sojan ruwa, a falonsa da sukar wuƙa a ƙirji.

Sufeto Doucette bai daɗe a kan gawar ba. Abin da ke rataye a bango ne ya ja shi: wuƙar nan da ake ba ƙananan hafsoshin ruwa, mai kan zaki na tagulla, mariƙinta naɗe da farar fatar kifi da zaren waya. Tana cikin kubenta, amma akwai jini a bakin kuben. Ya ja, ta ƙi fita, sai da ya gano wani ɗan maɓalli ya danna. Wayar mariƙin ta tsinke, tsininta a waje. A jikin ƙarfen kuma an goge wani suna da magagari.

Ya fara da surukin mamacin, Boutilier, dillalin kifi.

"Rabona da gidan nan tun Kirsimeti," in ji Boutilier.

"Maƙwabta sun ji ka jiya kana ce masa tsohon banza."

"To, na faɗa! Haramun ne? 'Yarsa na aura, ban auri bakinsa ba."

Sufeto ya miƙa masa wuƙar, naɗe da ƙyalle. "Zare ta."

Boutilier ya ja, ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi. "Wannan tsiyar a manne take?"

"Wa ka bari a gidan?"

"Hennigar ne ke shigowa ina fita. Wancan tsohon mai gyaran kwalekwale. Wai ya ji Kyaftin zai kai wuƙar gidan tarihi."

Sufeto ya tarar da Hennigar a bakin tashar jirage yana kankare gindin wani kwalekwale. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ban taka gidan Zwicker ba. Ba na gaisawa da karnuka."

"Baba, me ya sami tafin hannunka?"

"Ƙugiya ce."

"Ƙugiya huda take yi. Wannan yankan waya ne. Akwai jini iri biyu a mariƙin wuƙar Kyaftin, likita na jiran naka."

Hennigar ya yar da abin kankarar, ya tofar da yawu.

"Wuƙar wa? Ta yayana ce, Angus! Shi ya zo na ɗaya a ajinsu na sojan ruwa aka ba shi, da sunansa a jiki. Ina ƙarami ya koya mini danna maɓallin. Ranar da jirginsu ya nitse lokacin yaƙi, Zwicker ya dawo a raye, Angus bai dawo ba. Zwicker ya rantse wa mahaifiyarmu wuƙar ta bi Angus ƙasan teku."

"Sai jiya ka gan ta?"

"Hotonta na gani a jarida. Na je na ce ya nuna mini ƙarfen. Ya yi dariya, ya ce Angus ne ya miƙo masa ita daga cikin ruwa don ya jawo shi, sai wuƙar ta zo da kubenta, mutumin bai zo ba. Dariya fa, yaro!"

"Sai ka soke shi."

"Na soke shi. Na goge ta, na mayar, don Angus ba ya barin ta da datti."

Sufeto ya fito da ankwa. Tsohon ya miƙa hannuwansa da kansa.

"Za a mayar da sunan Angus a jikin wuƙar?" in ji shi.

"Ba aikina ba ne."

"Na sani," in ji Hennigar, ya wuce gaba zuwa motar. "Ku aikinku kama wanda ya rage a raye ne."