Sawun Da Bai Fita Ba

Azahar ta wuce, su uku suna tsugune a bayan wani shagon tayoyi a Gwarzo, gardama ta ƙi ƙarewa. Ba kan bindiga ba ce, ba kan hanya ba. Kan taya ce.

Badaruddeen ne ogansu, gajere mai son a gan shi. Zayyad kuwa ba shi da baki sai na oga. Na ukun Uwaisu, direba, shekara tara yana ja musu mota. Ya gaji da su, ya gaji da kansa.

Aikin na ranar kasuwa ne. Za su tare wani falken shanu a burjin Durun, su ratsa fadama, su haye rafi, su ɓulla kwalta. Damina ta yi nisa, tayoyin akori-kurarsu kuma sun suɗe kamar tafin hannu. Dole a sake su.

Uwaisu ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ya ce a ɗauki 'yan tsaka-tsaki masu matsakaicin zane: suna bin kwalta, suna bin burji, in an rage musu iska su ratsa yashi da taɓo. Irinsu ne a ƙafar motocin ma'aikatan gona da na allurar rigakafi, sawunsu ba ya tsone wa kowa ido. Badaruddeen bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na kan wasu ƙatti da aka jingine a bango, tayoyin laka zalla, masu haƙora zaƙo-zaƙo.

"Baaba, dubi kaya! Wannan ko rijiya ka faɗa sai ta hau da kai."

"Oga, daga nan har Kabo babu mota mai wannan ƙafar. Duk inda muka taka mun sa hannu."

"Dalla can. Wa yake karanta sawun taya? Ruwa ɗaya ya wanke."

Badaruddeen ɗan birni ne, ba laifinsa ba ne. Bai taɓa ganin mutum ya durƙusa ya kalli ƙasa ya faɗi shanu nawa suka wuce, da wadda take ɗingishi a ciki ba. Uwaisu ya gani. A hannun irin mutumin ya tashi: Bappa, ƙanen mahaifinsa, mai unguwar Unguwar Ɗinya a Mainika. Har yau Bappa ya ɗauka motar wani kamfanin taki yake ja a Kano, yana ma yi wa baƙi alfahari da shi. Sharaɗi ɗaya tak Uwaisu ya taɓa kafa wa Badaruddeen, cewa harkarsu ba za ta kusanci garin tsohon ba. Bappa kaɗai ya rage masa a duniya, kuma yana tsoron rasa shi fiye da tsoron harsashi.

Ya bar gardamar, don ba shi da sauran ƙarfinta. Mai faci ya ɗaura ƙattin guda huɗu.

Ranar kasuwa da la'asar, falken shanun, Alhaji Zainulabideen, yana gyangyaɗi a gaban motarsa, jaka a tsakanin ƙafafunsa. Direbansa Muhammad Nur yana kauce wa ramuka. Suka sha kwana, sai ga kututture a gicciye.

Burki—ƙiii!

Zayyad ya faɗo daga cikin dawa. Badaruddeen ta ɗaya gefen.

"Ƙasa! Kowa ƙasa! Jakar, Alhaji—jakar!"

Alhaji ya miƙa, yana salati. Da a nan aka tsaya. Amma Muhammad Nur ya kai hannu zai kashe mota, Zayyad ya zaci wani abu zai ɗauko.

Tau!

Uwaisu na zaune a kan sitiyari, ya runtse ido. Ba wannan ne na farko ba, kuma har yanzu bai saba ba.

"Mu ware! Taka ta!"

Tayoyin suka yi aikinsu, a ba su haƙƙinsu. Suka keta fadama suna watso laka sama da rufi, Badaruddeen na dukan ƙofa yana dariya, yana tambayar ina mai cewa tsaka-tsaki. Dariyar ta tsaya a bakin rafi. An yi ruwa a can gabas, rafin ya cika ya batse, yana tafe da rassan itatuwa. Babu tayar da za ta haye wannan. A baya kuma, can nesa, kukan baburan 'yan banga.

Hanya ɗaya ta rage, burtalin shanu da ya miƙe zuwa Unguwar Ɗinya. Uwaisu ya ce wallahi ba zai bi ba, ya tuna wa oga sharaɗinsu. Bakin bindiga ya sauka a ƙeyarsa, da ɗuminsa.

"Sharaɗi a kwalta ake yinsa, baaba. Ja mu je."

Da magariba suka cusa motar cikin kangon wani tsohon injin niƙa a gefen gari, dawa ta rufe ta ko'ina. Badaruddeen ya zare makulli ya jefa aljihu, ya rataya jakar. Ya ce su biyu za su taka zuwa titi su nemo wata lambar mota, kafin isha sun dawo. Ya nuna hadarin da ya haɗu a gabas, ya ce ga mai sharar sawu nan tafe.

Hadarin ya baje. Su ma ba su dawo ba. Motar ta zamani ce, ba ta tashi da haɗa waya. Uwaisu ya kwana a cikinta, da asuba ya fita ya ɓuya cikin dawa.

Da safe Sufeto Yelwa ya tsaya a inda aka yi fashin, ya kalli ƙasa, ya ce ai wannan ko makaho ya bi. Laka ta soma bushewa, kowane haƙori ya fito raɗau. Dattawan Durun uku suka shige gaba da sandunansu, 'yan sanda a baya, bayansu kuma samari, 'yan uwan Muhammad Nur, wanda ya cika tun kafin a kai shi asibiti.

A bakin Unguwar Ɗinya sawun ya ɓace, don shanun gari sun fita kiwo sun tattake shi. Dattawan suka tsaya cak. A ƙasar nan ba a kutsawa garin mutane da bincike. In sawun ɓarawo ya shigo garinku, mai unguwarku ake kira, ya zagaya ya nuna inda ya fita, masu bi su ci gaba. In bai fita ba, to abin ya zama naku.

Bappa ya fito da sandarsa. Aka gaisa, ya yi musu ta'aziyya. Ya ce shekara talatin yana riƙe da garin nan, sawun sata bai taɓa kwana a ciki ba, su ba shi ɗan lokaci.

Daga cikin dawa Uwaisu yana kallonsa. Tsoho ɗan saba'in da wani abu, cikin rana, kai a sunkuye, yana bin gefen gari taku-taku. Ya zagaya sau ɗaya. Ya sake. Uwaisu zai iya sulalewa ta gonaki ya kai titi kafin azahar, ya san haka. Amma ya tsaya.

A zagaye na uku Bappa ya tsaya daidai kan kunyar gonar da Uwaisu ya taka da asuba. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Tsakaninsu bai fi taku goma ba. Bai ɗaga kai ba.

"Tun kana tatata na san takunka," in ji shi, a hankali. "Tafi."

Ya juya ya koma wurin taron. Uwaisu yana jin muryarsa daga nan.

"Sawu bai fita ba. Na garina ne. Ranka ya daɗe, ku tafi da ni."

Samarin Durun suka taso da ihu, wani yana kiran a kawo fetur. Sufeto ya daka musu tsawa, ya ce ba tsoho yake nema ba, amma in babu kowa, to tsohon zai ɗauka. Bappa ya miƙa hannuwansa biyu.

Dawa ta motsa. Uwaisu ya fito, hannu a sama, laka har gwiwa.

"Ni ne direban. Motar na kangon injin. Tsohon nan bai san komai ba."

Ya ba da sunaye, ya ba da gidaje, ba a ko mare shi ba. Bayan kwana biyu aka tsinci gawar Zayyad a wani kududdufi kusa da titi, harbi a baya. Badaruddeen ya kai wata guda yana gudu kafin a kama shi. Furera, matar Muhammad Nur, ta shiga takaba da goyo. Bappa ya sauka daga sarautar unguwa a makon, babu wanda ya ce ya sauka.

Amma a ranar, da aka sa wa Uwaisu ankwa, alfarma ɗaya Bappa ya roƙi Sufeto. Ya ce kada a ɗora motar a kan wata, a ja ta da tayoyinta a ƙasa, ta bi ta tsakiyar gari kowa ya gani.

Aka samo tarakta ta ja. Uwaisu na bayan motar 'yan sanda, yana jira tsohon ya dube shi ko sau ɗaya, ko da zagi ne. Bappa ya bi sawun da sandarsa har iyakar gari, ya nuna wa dattawan Durun ƙasa.

"Ga shi nan ya fita," ya ce. Ya juya gida bai waiwayo ba.