Ƙusoshi a Gindin Lasifika

Magariba ta kawo jiki lokacin da mai gyaran lasifika ya gama ɗaura ƙusoshin ƙarfe a gindin manyan akwatunan lasifikarsa. Tun rasuwar matarsa shi da 'yarsa kaɗai ke gidan, ɗakin gaba kuma shi ne shagonsa. Ya daɗe yana fama da akwatunan: da ya ƙara murya sai daɓe ya kama rawa, rawar ta bi ƙafar makirfo, lasifika ta ƙwalla ƙara mai huda kunne. Yanzu da suka tsaya kan tsinin ƙusa, ya manna na'urar awo a ƙasa, ya murɗa maɓallin murya a hankali yana duban allurar na'urar. Da ƙyar ta motsa. Ƙarar ma ba ta zo ba. Ya kira 'yar ta zo ta gani.

Da bai gan ta ba, ya tashi nemanta.

A ƙofar ɗakinta ya same ta kwance, kunnenta manne da ƙasa, idanunta buɗe ba sa ganinsa. Daga ranar, duk faɗuwar rana sai tsakuwa ta riƙa sauka kan rufi, yarinya kuma ta daina ci, ta daina kiransa Baba. Maƙwabta suka janye ƙafa. Uban yakan zauna kusa da ita da kwanon abinci har abincin ya huce.

Malamin da ya ɗauko bai yi dogon zance ba. Ya zauna, ya fara karatu. Can sai wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar, a gajiye. Ta ce a ƙarƙashin daɓen take tun kafin a yi gini, danginta duk sun watse, ita kuma ba ta ji da kunne. Rawar daɓen nan ce kaɗai ke gaya mata akwai wani mai rai a kusa.

“Ya yanke mini rawar,” in ji muryar. “Ku ba ni yarinyar, zuciyarta na bugawa, ita zan riƙa ji.”

Malam ya ce ba a ciniki da 'yar mutane. Uban ya yi saurin cewa zai cire ƙusoshin, malam ya ɗaga masa hannu: in aka ciyar da mai muryar yau, gobe ma za ta nema. Ya ci gaba da karatu. Muryar ta yi kuka, sannan ta roƙi a kunna mata lasifika sau ɗaya, ta tafi.

Aka cire wa akwati guda ƙusoshi, aka sauke shi a kan daɓe, aka kunna. Ƙasa ta yi gurnani, kofuna suka yi ta karkarwa. Yarinyar ta yi atishawa.

“Baba, yunwa nake ji.”

Gwaggonta ta ɗauke ta don ta murmure. Uban kuwa da yamma, in ya rufe shago, yakan kama kansa yana taka daɓen da ƙarfi, ya tsaya, ya saurara.