Jirgin da Bai Taɓa Tashi Ba

Magariba ce irin ta kullum a Aliero. Murjanatu na kwashe tuwo, mijinta Malami ya dawo daga rumfar albasa yana alwala, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Kas.  Wani ya sake faɗowa, ya gangaro har gaban murhu.

Ta ɗauka. Ashe ɗan tubalin roba ne ja, irin na wasan yara, gefensa a ƙone. Ta san shi sarai.

Ɗanta na fari, Waliyyu, ya gama karatun injiniya aiki bai samu ba. Sai ya riƙa tsinto irin tubalan nan a gwanjon Jega, yana zama ƙarƙashin tsamiyar bayan gida yana harhaɗa jiragen yaƙi. Wai irin waɗanda Turawa suka gwada lokacin babban yaƙi, aka ajiye su ba su yi aiki ba. Uban ya ce, "Kai ma awa su kake." Ranar da uban ya kwashe su ya watsa cikin wutar juji a gindin tsamiyar, ko bisimilla babu, Murjanatu na tsaye. Ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a shigar masa faɗa. Ta ci gaba da tankaɗe. Da safe yaro ya bar gari, har yau ko waya.

Tun daga magaribar nan jifa bai fasa ba. Sannan abin ya sauka kan autarta Salima. Rana na faɗuwa sai ta miƙe hannuwa, idanu a kafe, wani gurnani na fita daga ƙirjinta kamar jirgi zai tashi. Ta daina cin abinci. Ƙashin wuyanta ya fito.

Aka ɗauko Malam Maccido daga Gumbin Kure. Ya zauna kan buzu, ya yi karatu mai tsawo, har yarinyar ta juyo da muryar wata tsohuwa.

"Wa ke nan?" in ji malam.

"Maƙwabciya. Tsamiyag ga tawa ta. Ni ka zama kusa da yaron in yana gini. Saura fiffike guda ya gama, anka zubo min wuta bisa ɗiyana."

Malami ya sunkuyar da kai. "A gaya mata in yanka baƙin bunsuru."

Tsohuwar ta yi dariya ta bakin Salima. "Riƙe bunsurunka, mai albasa. Kai haushi ya ɗebe ka. Waccan nika so, wadda tag gani tay yi shiru."

"Ki ji tsoron Allah ki hita," malam ya ce. "Yarinya ba ta yi miki komi ba."

"Ina hita. Ta kwaso abin da nij jeho, ta hwaɗa min na wa na."

Murjanatu ta shiga ɗaki ta fito da kwanon da take ɓoye tubalan a ciki. Malami bai san tana tarawa ba. Ta durƙusa.

"Na yaron nan na."

"Wane yaro?"

"Yayan Salima."

"Ba shi da suna? Ni da ba ni haihe shi ba na san shi."

 Murjanatu ta dubi wuyan ɗiyarta. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba, sai ya fito a karye kamar baƙon yare.

"Waliyyu."

"To. Da kin hwaɗe shi rannan, da ya waiwayo."

Salima ta yi atishawa, jikinta ya saki. Murjanatu ta rarrafa ta kama kafaɗunta.

"Tsaya, baiwar Allah. Ina yake? Yana da rai?"

Yarinyar ta buɗe ido, idonta na kullum. "Inna, ruwa."

Jifa bai sake faɗowa ba. Mutane suka yi ta yi musu barka. Amma duk magariba Murjanatu kan zauna bakin murhu da kwanon nan a cinya, tana sauraren rufin gida, tana kiran sunan a hankali. Yanzu ya zauna mata a baki, mai shi ne babu.