Fitilar Sanobar

Gab da magariba na fita neman kananzir, don tun la'asar aka ɗauke wuta. A ranar, matata Sanobar ta cika kwana goma sha huɗu a ƙasa. Ƙwan da ta zuba a akwatin ƙyanƙyasa kuma kwanansu goma sha tara.

Mai shago ya ce babu, sai dai in tafi birnin Kokand. Na zage shi, na zagi masu wutar, na juyo ta bakin magudanar ruwa da galan ɗina wayam. Sanyin ƙarshen hunturu na cizon kunnena. Ba abin da nake tunani sai ƙwai ashirin da huɗu suna hucewa.

Ita ta haɗa akwatin da hannunta. Katako ne, ƙasansa kwano, da ɗan gilashi a murfi don leƙawa. Kowane ƙwai ta yi masa alama da fensir. Doka ɗaya gare ta, kuma duk shekara sai ta maimaita mini: "Baban Zebo, kwana ukun ƙarshe ko gobara ake kada ka buɗe. Iska na shiga fatar ciki za ta bushe a jikinsu, su mutu a shaƙe."

Ƙwan nan su kaɗai suka rage daga kajinta. Yayata Kumri ta sa an yanke sauran duka don sadakar bakwai, har jan zakaran, ba ta ko tambaye ni ba.

Da na dawo gida na tarar da ita a ɗakin da aka yi wa Sanobar wanka, tana kunna fitilar mamaci: ɗan kasko, man auduga, lagwani. Kullum da magariba ake kunnawa har kwana arba'in, kuma ba a ɗaga ta daga wurin.

"Ka samo?" in ji ta.

"Da kin bar mini kaza ko ɗaya, Yaya, da yanzu ta kwanta musu."

"Baƙi ɗari biyu, da hawayenka zan ciyar da su? Kai, Turgun! Gemu ya yi fari, hankali har yanzu yana hanya."

"Ki fita mini daga gida."

Ta dube ni, ta gyara ɗankwalinta, ta fita.

Na je rumbun ajiya inda akwatin yake, na taɓa katakon. Ɗumin ya kusa ƙarewa. Gas babu, itacen ya jiƙe. Wuta ɗaya ce a gidan gaba ɗaya, tana ci a ɗakin da ba kowa.

Na san abin da tsofaffi ke faɗa, cewa in aka kai hasken wani wuri, ba mai shi ne zai biyo shi ba. Na ce a raina, fitilarta ce, ƙwanta ne, wa ya isa ya hana? Ko bisimilla ban yi ba. Na ɗauko ta, na ɗora a kan bulo a ƙarƙashin kwanon, na rufe akwatin da bargo, na zauna.

Kwanon ya fara ɗumi. Can ciki na ji wani ɗan tsako ya yi kuka daga cikin ɓawo, siririn kuka. Wani ya amsa.

Sai duka suka yi shiru.

Karen maƙwabta ma ya yi shiru.

Wani wari ya taso. Gashin kaza da aka zuba wa tafasasshen ruwa, gauraye da sabulun da aka yi wa Sanobar wanka da shi.

Harshen fitilar ya kwanta gefe. Ƙofa a rufe take.

"Turgun."

Muryarta ce. Har ɗan dusashewar nan da take yi in ta tashi daga barci. Daga cikin akwatin ta fito.

Kwana goma sha huɗu ina roƙon Allah in ji ta ko a mafarki.

"Turgun, zafi. Buɗe mini."

Na janye bargon. Gilashin ya yi gumi daga ciki. Wani abu ya shafe gumin, a hankali, kamar da ɗan yatsa.

Hannuna ya kai kan sakata.

"Buɗe. Kaɗan kawai."

A nan na tsaya. Shekara talatin da ɗaya muna tare, Sanobar ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a faɗa. Kuma matar da ta taɓa buge mini hannu da ludayi don na ɗaga murfin nan, ita ce za ta ce in buɗe a rana ta goma sha tara?

Tsoro ya kamata in ji. Fushi ne ya zo.

"Ƙarya kake," na ce. "An kwashe kajinta, an ɗauke wuta, kai kuma ka zo ka ari bakinta? Ɗan iska, mara kunya!"

Wani hannu ya sauka a bayan nawa. Sanyi kamar ƙarfen famfo da asuba. Yatsun sun yi tsawo da yawa.

Ya fara jan sakatar da hannuna.

Na faɗa kan murfin da ƙirjina. Murfin ya turo ni sama. Na danna. Ya sake turowa, katakon na ƙara.

Muryar ta dawo daidai kunnena. Yanzu kuka take, irin kukan da ta yi ranar da muka binne ɗanmu na fari.

Na nemi Ayatul Kursiyyu a bakina, rabi ya zo, rabi ya ɓace.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi.

Kumri ce, rungume da bulo huɗu masu zafi daga tanderunta, naɗe a tsumma. Ta ga fitilar. Ta ajiye bulon, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta ɗauki kaskon da hannu biyu ta nufi ɗakin wankan tana karatu.

Warin ya bi ta. Na ji shi yana barin ɗakin kamar an ja jiƙaƙƙiyar riga a ƙasa.

Da ta dawo muka jera bulon a ƙarƙashin akwatin.

"Ka buɗe?" ta tambaya a hankali.

"A'a."

"To, jakin banza. Ta koya maka abu ɗaya dai."

Bayan kwana biyu tsaki goma sha tara suka fito. Da na buɗe in kwashe su, na ƙirga ƙwan da ba su fashe ba. Biyar ya kamata su zama. Shida ne. Na shidan ba alamar fensir, kuma sanyi ƙalau, alhali sauran suna da ɗumi. Kumri ta kai shi bayan gari ta binne, ba ta yarda na bi ta ba.

Kajin sun girma, akwai jan zakara a cikinsu. Ba ɗaya da ke kusantar rumbun, ko hatsi aka zuba a bakin ƙofa.

Fuskar Sanobar tana nan a idona, da tafiyarta, da yadda take riƙe ƙwai a tafinta. Kalamanta ma na haddace su. Amma tun ranar nan, duk lokacin da na nemi muryarta a cikin kaina, abu ɗaya take cewa.

Buɗe.

Wannan ne ban yafe ba.