Fuskar da Aka Hana Murmushi

Tun da aka ce jirgin ruwan da ya ɗauko Ambrose Thwaite daga Indiya ya iso, Letitia Harcombe ta kasa zama wuri guda a gidansu da ke garin Bath na Ingila. Ta duba madubin falo, ta hau bene ta duba na ɗakinta, wai ko shi zai fi tausaya mata. Tana da ashirin da ɗaya ya yi mata alkawarin aure, ya tafi aikin layin dogo. Yau ga ta da talatin cif, ga siraran layuka a gefen idanu.

Littattafan soyayyar da take arowa su suka ƙarasa ta. Duk wadda ake so a cikinsu 'yar sha takwas ce. Mai talatin kuwa sai dai a ajiye ta a kusurwa da saƙa a hannu, ana yi mata dariya har littafin ya ƙare.

"Tsaya in gan ki a haske," in ji mahaifiyarta, ta kama haɓarta ta juya ta wajen taga. "Oh ni! Letty, kin tsufa. Yarinya ya bari, yarinya yake sa ran gani."

"Mama, shi ma ai shekarun sun bi ta kansa."

"Namiji ne, wa ke ƙirga masa? Gobe za mu je wajen matar nan mai shafe fuska. In kin ƙi, ga ƙanwarki Cecily nan. Miji irin wannan ba zai fita daga gidan nan ba."

Maganar ta soki Letitia har cikin rai. Washegari matar ta cike kowane layi da wani farin kwaɓi mai dalma, ta shafa ja a kumatu, har ta zana siraran jijiyoyi a gefen goshi don a ɗauka fatar gaske ce. Da ta gama ta ɗaga yatsa.

"Ban da dariya, ban da kuka, ko murmushi ban yarda ba. Kina motsa fuska za ta tsattsage."

Wai wannan shi ake kira gyara!

Da la'asar Ambrose ya zo shan shayi. Rana ta dafe shi, sanƙo ya cinye gaban kansa, amma idanun nan nasa suna nan. Ya miƙo hannu biyu yana dariya.

"Letty!"

Ta so ta yi murmushi, amma fuska ta riƙe ta gam. "Barka da zuwa," ta ce ta tsakanin haƙora.

Aka zauna. Ya tuno musu ranar da ya faɗa kogi da hularsa da komai wajen ciro mata laima. Cecily ta ƙyalƙyale, Mama ma ta dara. Letitia kuwa tana zaune ƙiƙam kamar gunki, tana cizon harshe, fatarta na ƙaiƙayi a ƙarƙashin kwaɓin. Ya sake gwada wani labarin, ya dube ta, ya ga ko gezau. Sai ya ajiye kofinsa a hankali ya miƙe.

"Mis Harcombe," ya ce, shi da bai taɓa kiran ta haka ba, "na gane. Saurayi kika raka tasha, tsoho mai sanƙo ya dawo miki. Tun a jirgi nake tsoron wannan. Ba zan ɗaure ki da alkawarin da zuciyarki ta saki ba."

"Cecily, raka shi ƙofa mana," in ji Mama da sauri.

"Ni ba ruwana, Mama," in ji Cecily.

Ya kai bakin ƙofa ke nan kuka ya ƙwace wa Letitia. Fuskar ta dare daga gefen ido har baki, farin kwaɓin ya dinga zubowa a kan rigarta.

"Letty, kin ɓata komai!" in ji Mama.

Ko kallon ta Letitia ba ta yi ba. Ta jiƙa adiko da ruwan ɗumin da ke kan tebur, ta goge fuskarta tas. Fatar ta yi ja, duk ta yi ƙuraje.

"Ambrose, tsaya – juyo ka gan ni. Talatin gare ni. Tsoro nake kada ka ga layukan nan ka fasa. Wallahi tun da ka shigo nake son in yi dariya."

Ya dawo ya tsaya a gabanta, ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya taɓa gefen idonta da yatsa.

"Waɗannan kike ɓoyewa? Ai nan dariyarki take zama. Ita na ƙetaro teku in gani."

Ta yi dariya tana kuka, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Mama ta zauna jagwab, kunya ta hana ta ɗaga kai.

An ɗaura aurensu a coci kafin sanyi ya shigo. Dalmar ta bar mata tabo a kumatun hagu, bai kuma taɓa ɓacewa ba, ita ma ba ta taɓa rufe shi ba.

'Yan mata, ku ji da kyau. Shekaru tara Letitia ta yi haƙuri ba ta rasa masoyinta ba, amma yini ɗaya na ɓoye fuska ya kusa raba ta da shi. Wanda yake son ki da gaskiya, fuskar da za ta tsufa tare da tasa yake nema.